FASHIN BAƘI: Daga gidan waya zuwa jami'a, wa ke da ikon raɗa wa ginin gwamnati sunan mutum?

A 'yan shekarun nan ba a daɗewa ba a ji sanarwar cewa an sauya wa wani ginin gwamnati suna ba. A watan Yunin 2023, filayen jiragen sama 15 suka sami sababbin sunaye a cikin takarda guda daga Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, ciki har da na Dutse, wanda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. A Disambar 2024, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a mayar da Jami'ar Abuja Jami'ar Yakubu Gowon. Ranar 17 ga Yulin 2025, kwana huɗu bayan rasuwar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da sa wa Jami'ar Maiduguri sunan marigayin.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, muhawara kan ɓarke a Facebook da majalisun hira, kuma kusan kullum a kan abu ɗaya take tsayawa, wato ko mutumin ya cancanta ko bai cancanta ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta wace hanya aka bi, alhali ita ce ke nuna ko sunan zai daɗe ko gwamnati mai zuwa za ta kankare shi da sanarwar kwana ɗaya. Hausawa sun ce suna linzami ne. A harkar gwamnati, abin lura shi ne hannun da ke riƙe da linzamin.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, bari mu ɗauki Malam Madori, hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejia, garin da ya bunƙasa a kan layin dogon Kano zuwa Nguru a zamanin cinikin gyaɗa. A ce matasan garin sun haɗu a kan wani mutum da ya yi wa jama'a hidima, suna so a sa sunansa a jikin wani gini na hukuma. Ƙofar wa za su ƙwanƙwasa?

Kowane gini da mai shi

Amsar ta dogara ne da ginin da suka zaɓa, domin Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya raba iko tsakanin matakan gwamnati uku.

Idan gidan waya suke nufi, to magana ta bar hannun shugaban ƙaramar hukuma, ta bar hannun gwamna a Dutse. Harkar aika wasiƙu da wayar tarho ita ce abu na 46 a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Gidajen waya mallakar hukumar NIPOST ne, wadda aka kafa a 1985 bayan an raba tsohon sashen gidan waya da tarho na gwamnati gida biyu, kuma dokar da take aiki da ita ta samo asali ne daga dokar soja ta 1992. Wannan doka ta kafa hukumar ne da ayyukanta. Ba ta jera gidajen waya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu ba. A al'adar Nijeriya, da sunan gari ko unguwa ake sanin gidan waya.

Haka abin yake ga tashar jirgin ƙasa. Ko da yake gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya bai wa jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, tsofaffin tashoshi irin ta Malam Madori na hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Shi ya sa a 2020 Gwamnatin Tarayya ce ta raba sunayen tashoshin layin Legas zuwa Ibadan da na Itakpe zuwa Warri, ta ba Wole Soyinka ta Abeokuta, ta ba Goodluck Jonathan ta Agbor.

Idan babban asibiti ne ko sakandare ko kwalejin da jiha ta gina, magana ta koma Dutse, wajen gwamna da Majalisar Dokokin Jihar mai mambobi 30.

Idan kuwa titi ne a cikin gari, Jadawali na Huɗu na kundin ya ambaci sa wa hanyoyi da tituna suna da bai wa gidaje lamba a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wannan shi ne ikon raɗin suna da tsarin mulki ya faɗa ƙarara, kuma shi ne mafi kusa da talaka, domin kansilan mazaɓarsa na cikin waɗanda za su zauna a kai.

Sanarwa, kira, ko doka

Bayan an san mai gini, sai a duba hanyar da za a bi. Hanyoyin uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce sanarwar ɓangaren zartaswa. Shugaban ƙasa ko gwamna ya faɗa a wajen taro, ko majalisar zartaswa ta amince, ma'aikata ta fitar da takarda, a kira mai fenti ya sauya allo. Wannan hanya ta wadatar ga duk ginin da babu sunansa a cikin wata doka: filin jirgi, filin wasa, gada, zauren taro, ko gidan waya. Ta haka Buhari ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Moshood Abiola ranar 12 ga Yunin 2019. Ita ce hanya mafi sauri, kuma ita ce mafi saukin warwarewa.

Ta biyu ita ce kiran majalisa. A nan ne ake yawan samun ruɗani, domin a labaran Hausa kalmar ƙuduri ɗaya ake amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai ƙudurin da ɗan majalisa ke tashi ya gabatar, a tafka muhawara, majalisa ta cim ma matsaya cewa tana kira ga gwamnati ta karrama wane ta hanyar sa wa wani gini sunansa. Irin wannan ana yin sa sau da yawa idan wani babba ya rasu. Shawara ce kawai. Gwamnati na iya ɗauka, tana iya ajiye ta a aljihun tebur, kuma babu kotun da za ta tilasta mata. Don haka idan ɗan majalisa ya dawo mazaɓa yana cewa majalisa ta amince a sa wa wuri kaza sunan wane, abin da ya kamata a fara tambayarsa shi ne, kira aka yi ko doka?

Ta uku ita ce ƙudurin doka. Wannan dole ne idan sunan wurin yana rubuce a cikin dokar da ta kafa shi, kamar jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Sunan da doka ta raɗa, doka ce kaɗai ke iya sauya shi.

A matakin tarayya, da mutanen Malam Madori za su so a sa wa gidan waya suna ta wannan hanya, ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Malam Madori da Kaugama ko Sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas ne zai gabatar da ƙudurin. A yi masa karatu na ɗaya, wanda ambaton take ne kawai. A karatu na biyu a yi muhawara a kan manufarsa. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti, wanda zai iya kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Kwamiti ya dawo da rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Sai a aika wa ɗaya majalisar ita ma ta bi matakan nan, domin dole Majalisar Wakilai mai mambobi 360 da Majalisar Dattawa mai 109 su amince da rubutu iri ɗaya. Sashe na 58 na kundin ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya mayar da ƙudurin doka ba da hannunsa ba. A jiha ma haka Sashe na 100 ya tsara, sai dai majalisa ɗaya ce.

Tafiyar na da tsawo, amma tsawon nata shi ne amfaninta. A kowane zango akwai damar wani ya ce a dakata.

Abin da ya faru a Kafin Hausa

Ba sai an yi nisa da Malam Madori ba kafin a ga misalin suna da aka raɗa ta hanyar doka. A 2013, gwamnatin Sule Lamido ta kafa Jami'ar Jihar Jigawa a Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejia, bisa dokar da majalisar jihar ta zartar. A ƙarshen 2014 majalisar ta yi wa dokar gyara, jami'ar ta koma Jami'ar Sule Lamido. A lokacin Lamido na kan kujerar gwamna, saura masa watanni kaɗan ya kammala zangonsa na biyu, kuma jam'iyyarsa ta PDP ce ke da rinjaye a majalisar.

Ana iya kallon wannan ta fuska biyu. Masu goyon baya za su ce yabon gwani ya zama dole, shi ya kafa jami'ar, kuma wakilan jama'a ne suka yanke hukunci ta hanyar da tsarin mulki ya tanada. Masu suka za su ce majalisar da jam'iyyar gwamna ke juyawa ba ta da cikakken 'yancin ce masa a'a, kuma karramawar da aka yi wa mutum yana riƙe da madafun iko ba a iya rarrabe ta da fadanci.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne abin da ya biyo baya. A 2015 mulki ya koma hannun APC, Muhammad Badaru Abubakar ya yi shekara takwas, Umar Namadi ya gaje shi a 2023, kuma har yau sunan na nan. Da za a cire shi, sai gwamnati ta kai ƙuduri majalisa a bainar jama'a, 'yan majalisa su tashi su faɗi dalili, a rubuta. Wannan nauyi ne da ba kowace gwamnati ke son ɗauka ba.

Kano, Minna da Legas

Sai dai kada a ɗauka doka ƙusa ce da ba ta zaruwa. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Jami'ar Northwest a 2012. Bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, a watan Yulin 2017, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da ita Jami'ar Yusuf Maitama Sule. A ƙarshen 2024, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta bi ta majalisa ta dawo da tsohon sunan. A watan Maris na 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa wa Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kano sunan Ɗanmasanin. Sunan dattijon da duk ɓangarorin siyasar Kano ke girmamawa ya zama abin da ake ɗauka daga wannan allo a kai wancan.

Waɗanda suka ɗauki ɗawainiyar wannan kai-komo ɗalibai ne. Akwai wanda ya shiga jami'ar da suna ɗaya ya fita da wani. Akwai wanda takardar shaidar digirinsa ke ɗauke da sunan da yanzu babu jami'a mai shi a wancan matsayi. Duk ranar da irin wannan ɗalibi ya nemi gurbin karatu a wata ƙasa, ko aiki a wurin da ake tantance takardu, sai ya ƙara da bayanin cewa jami'ar ɗaya ce.

Misalin Minna ya fi nuna raunin sanarwa. A jerin filayen jiragen sama na Yunin 2023, na Minna ya sami sunan Abubakar Imam, ɗan Kagara, marubucin Magana Jari Ce kuma editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Masu kishin adabin Hausa sun yi murna. Kafin shekara ta zagayo, a watan Maris na 2024, gwamnatin Jihar Neja ta Umaru Bago ta sanar da cewa filin ya koma na Bola Ahmed Tinubu. Babu muhawarar majalisa a shigar sunan Imam, babu a fitarsa. Takarda ta kawo shi, takarda ta tafi da shi.

A Legas kuwa akasin haka aka gani. Ranar 29 ga Mayun 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar a jawabinsa cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama tituna, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu da hujjar cewa sunan jami'ar na cikin dokar da ta kafa ta, kuma jawabin shugaban ƙasa ba ya goge doka. Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin dakatarwa na wucin gadi. Jonathan ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin gyara, amma ƙudurin bai zama doka ba. Jami'ar na amsa sunanta na asali har gobe. Irin wannan hujja ce ta sake tasowa a 2025, lokacin da reshen ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na Maiduguri ya fito ya ƙi amincewa da sauyin da aka sanar.

A zamanin soja ba a samun irin wannan turjiya ta fuskar doka, domin mai sanarwa shi ne mai yin doka. Gwamnatin Ibrahim Babangida ta mayar da Jami'ar Ife ta Obafemi Awolowo a 1987, cikin watan da ya rasu, ta kuma mayar da Jami'ar Sakkwato ta Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A maƙwabciyarmu Nijar ma, a watan Oktoban 2024 hukumomin soja suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai, suka sa na Djibo Bakary. Ɗabi'ar raɗa suna da baki ɗaya gado ce daga irin wannan mulki, kuma gwamnatocin farar hula sun ci gaba da ita.

Ƙasar da majalisa ke raɗa wa gidan waya suna

Amurka ce ƙasar da raɗa wa gidan waya suna ta hanyar doka ya zama al'ada. Tun 1967 majalisar dokokin ƙasar ta fara, kuma abin ya yawaita har ta kai cewa tsakanin 2003 da 2012 kusan ɗaya cikin kowace doka biyar da aka zartar ta sa wa gidan waya suna ce. Ƙudurin gajere ne ƙwarai: adireshin ginin, da sunan da za a riƙa kiransa da shi. Yakan bi ta majalisun biyu, shugaban ƙasa ya sa hannu kamar kowace doka.

Akwai ƙa'idojin da kwamitocin majalisar suka ɗora wa kansu. A majalisar wakilai, ana sa ran 'yan majalisar jihar da ginin yake su mara wa ƙudurin baya ba tare da la'akari da jam'iyya ba. A ta dattawa ana neman amincewar sanatocin jihar biyu. Wannan kan sa a guji sunan da zai raba kan jama'a. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake karramawa ba manyan 'yan siyasa ba ne: sojan da aka kashe a bakin daga, ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana da ya rasu a bakin aiki, malamin makaranta, ko mai fafutukar 'yancin jama'a da garinsu kaɗai ya san shi. Abin da ke biyo bayan dokar kuwa ɗan ƙaramin allo ne da ake maƙalawa a cikin ginin. Adireshi ba ya sauyawa, kuma hukumar gidan waya na ci gaba da amfani da sunan gari a ayyukanta.

Amurkawa da kansu na sukar al'adar, suna cewa majalisar da ta kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi ta fi ƙwarewa a raɗin suna. Sukar na da tushe, kuma gargaɗi ce gare mu. Amma akwai darasi biyu da za a iya ɗauka: sharaɗin cewa sai 'yan adawa sun yarda, da kuma buɗe ƙofar karramawa ga mutanen da ba su taɓa riƙe mulki ba.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. A 1998 ta yi dokar da ta kafa majalisa ta musamman mai duba sunayen wurare, wadda ke karɓar buƙata, a tuntuɓi jama'a, sannan ta ba minista shawara. Nijeriya na da Dokar Lambobin Girmamawa ta 1964 wadda ta tsara yadda ake ba da lambobin yabo na ƙasa, amma raɗa wa gine-ginen gwamnati suna ba shi da doka guda da ta tsara shi a faɗin ƙasa. Wannan giɓi ne ya sa kowane mai mulki ke yin yadda ya ga dama.

Mai rai ko mamaci

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko ya dace a sa sunan mutum yana raye. Masu cewa a'a na da hujja mai ƙarfi, domin ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma littafin mai rai bai rufu ba. Wanda aka ɗaga yau na iya aikata abin da zai sa a ji kunyar allon gobe. Ga kuma batun anfani da suna wajen neman fada a wurin mai mulki.

Amma tarihin Arewa bai bar maganar ta zama mai sauƙi ba. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, Sardauna na raye kuma yana Firimiyan Jihar Arewa. Fiye da shekara 60 bayan haka, babu mai neman a sauya. Abin da ya riƙe wannan suna shi ne abin da jami'ar ta zama da kuma hukuncin da tarihi ya yanke wa mai sunan. Saboda haka ƙa'idar da ta fi dacewa a yi muhawara a kanta ita ce ta hana sa sunan wanda ke kan kujerar mulki, ko na wanda ke da ikon naɗa ko sauke masu yanke hukuncin, sannan a ɗan jira wasu shekaru bayan mutum ya sauka ko ya rasu, zuciya ta huce, kafin a yanke.

Akwai kuma batun waɗanda ake mantawa. A cikin filayen jiragen sama 15 na 2023 babu ko ɗaya da aka ba mace. Gine-gine irin Asibitin Gambo Sawaba na Zariya da Asibitin Yara na Hasiya Bayero a Kano ƙalilan ne idan aka kwatanta da masu sunayen gwamnoni da sarakuna. A ƙasar Haɗejia, inda ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a 2020 da 2022, akwai mutanen da suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya ci gari. Akwai unguwarzoma da malaman firamare da suka yi shekara talatin suna aiki a ƙauyukan fadama. Ba a cika ganin irin sunayensu a jikin allo ba, domin babu mai kai su gaban majalisa.

Me ke cikin ginin?

Raɗin suna na daga cikin ayyuka mafi arha da ɗan siyasa zai yi ya sami tafi. Ba ya buƙatar kwangila mai yawa, ba ya buƙatar ɗaukar ma'aikata. Wannan ne ya sa ya kamata a riƙa haɗa tambayar suna da tambayar aiki.

Gidan waya misali ne mai kyau. Kalmar kanta ta fito ne daga wayar tangaraho da ake buga saƙo da ita a ginin da ake ajiye wasiƙu. An buɗe gidan waya na farko a Legas a 1852, kuma a lokacin samun 'yancin kai a 1960 akwai manyan gidajen waya 176 a ƙasar. A garuruwan da ke kan layin dogo, nan ne ɗan kasuwa ke aika saƙo, ɗalibi ke karɓar takardar samun makaranta, ma'aikaci ke aika wa iyayensa kuɗi. Wayar salula da intanet da tura kuɗi ta banki sun janye yawancin wannan hidima, saƙon kaya kuma ya koma hannun direbobin tasha da kamfanoni masu zaman kansu. Sa sunan gwarzo a jikin ginin da babu mai shiga ba karramawa ba ce da iyalansa za su yi alfahari da ita. Idan za a nemi suna, a nemi gyara da aiki tare da shi, a rubuta su a takarda ɗaya.

Ta wannan fuska, raɗin sunan da ya fi amfani ga mutumin Malam Madori shi ne wanda ba a yi masa biki: titunan unguwa su sami suna, gidaje su sami lamba. Mai cike takardar banki ko ta katin ɗan ƙasa ya daina rubuta bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai unguwa a matsayin adireshi. Motar asibiti da masu rabon kayan agajin ambaliya su san inda za su dosa. Wannan aiki ne da tsarin mulki ya riga ya ɗora wa ƙaramar hukuma, ba sai an je Abuja ba.

Hukuncin bakin jama'a

Ko an bi duk matakan doka, akwai majalisar da ba ta da kakaki, wato bakin mutane. A gidan Bahaushe akan yanka rago a raɗa wa yaro sunan kakansa, amma saboda alkunya a tashi ana kiransa Abba ko Baffa, har ya tsufa wasu ba su san sunansa na yanka ba. Haka gine-gine suke. A takarda, babbar kasuwar Kano ta Muhammadu Abubakar Rimi ce, amma duk mai hawa adaidaita sahu Sabon Gari zai ce a kai shi. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase har yau Asibitin Nasarawa ne a bakin Kanawa. A ɗaya ɓangaren kuma, Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano sun zauna daram, har akan ce Asibitin Malam kawai kowa ya gane. Sunan da mutane suka karɓa ba ya buƙatar mai gadi.

Abin da matasa za su iya nema

Ga masu son bin wannan lamari da idon basira, tambayoyin da za a yi wa kowace sanarwa a bayyane suke. Ginin na wane ne, tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma? Sunansa na cikin wata doka? Idan yana ciki, an kai ƙudurin gyara majalisa, an sa masa hannu? An kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma an ji ta bakin ɗalibai ko ma'aikata ko mazauna unguwar da abin ya shafa? Nawa sauyin zai ci, daga alluna zuwa hatimi da takardun shaida? Sunan wa aka cire kafin a sa wannan?

Bayan tambaya akwai abin da za a iya nema kai tsaye. Babu abin da ya hana Majalisar Dokokin Jihar Jigawa yin doka guda da za ta tsara raɗa wa kadarorin jiha suna: ta hana sa sunan mai riƙe da muƙami, ta wajabta zaman jin ra'ayi a garin da ginin yake, ta tanadi cewa ba a cire suna sai da rinjayen kashi biyu cikin uku, ta kuma buɗe hanyar da ƙungiyoyin gari za su gabatar da sunan wanda suke so. Majalisar kansiloli ma na iya yin ƙaramar doka irin wannan a kan tituna da kasuwanni. Kowane ɗan majalisa na iya gabatar da ƙudurin, kuma ƙungiyar matasa na iya rubuta daftarinsa ta miƙa masa.

Gine-ginen nan da kuɗin jama'a aka yi su, kuma jikokin waɗanda ke raye yau ne za su riƙa karanta allunan suna tambayar wane ne wannan, me ya yi. Ya kamata a ce akwai amsar da za a ba su wadda ta wuce cewa shi ne ke kan mulki a lokacin.